Adakar takardun Kaka: a kai jami'a ko a bari a gida?

Wani matashi daga nan Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Kakanmu malamin zaure ne, ya rasu ya bar adakar ƙarfe cike da littattafan hannu da wasiƙu da guntattakin takardu da ba mu san kansu ba. Wani malamina ya ce mu kai su ma'ajiyar jami'a. Baffana ya ce kayan Malam ba sa fita daga gida. Kawuna kuma ya ce a zaɓi manyan littattafan a raba gado, tarkacen a ƙone tunda akwai sunan Allah a ciki. Me jami'a ke yi da irin waɗannan takardu, kuma wace shawara za ka ba mu?"

Ɗana, Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka sami kawunka cikin ladabi ka roƙe shi a jingine maganar ƙonawa. Niyyarsa mai kyau ce, gudun a tattake sunan Allah yake yi, kuma haka magabata suka saba yi da takardar da ta mutu. To amma abin da yake kira tarkace, a wurinmu da muka daɗe muna jera irin waɗannan takardu muna rubuta bayaninsu, shi ne abu mafi daraja a cikin adakar nan.

Tun daga nan inda nake zaune zan iya lissafa maka manyan littattafan da ke ciki: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, wataƙila Askari da Muhtasar, ga Ishiriniya da Dala'ilu, in Malam ya yi nisa a lugga a sami Muƙama. Littattafai ne masu albarka, kuma kwafin hannu yana da tasa daraja, musamman in ɗalibai sun cika gefensa da tsakanin layukansa da bayani, wani lokaci da ajamin Hausa. Amma in Risalarku ta salwanta, akwai ɗaruruwan ƴan'uwanta daga Agadas har Ilori. Wasiƙa kuwa ɗaya tilo ce a duniya. Mutum guda ya rubuta wa mutum guda a kan wata bukata ta wannan rana, babu wanda ya yi tunanin kwafe ta. Ranar da ta ci wuta, maganar da ke cikinta ta tafi ke nan har abada.

Mu mutanen Maraɗi kuma muna da wani dalili da ya sa bai kamata mu yi wasa da ko guntun takarda ba. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Katsina wajen 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa. Ɗan Kasawa, ɗan wannan gida, ya zauna a ƙasar Damagaram, daga baya wajen 1819 ya kafa gadonsa a Maraɗi. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin ana ta gwabzawa, Maraɗi da Gobirawa a gefe ɗaya, Sakkwato da sabuwar masarautar Katsina a ɗaya gefen. To wa ya rubuta labarin? Yawancin abin da manazarta ke karantawa a yau daga alƙalamin Sakkwato ya fito. Ɗauki yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, abin da ya kai Gobirawa ga kafa Tsibiri. Nana Asma'u ta yi wa yaƙin waƙa da Fulatanci, marubutan fadar Sakkwato sun sa shi a littattafansu. Ba laifinsu nake gani ba, kowa ya faɗi abin da ya hango daga inda yake tsaye. Sai dai muryar wannan ɓangaren namu galibi a bakin dattawa da makaɗa da maroƙa ta zauna, sai kuma abin da baƙi suka ɗauka. Matafiyi Bajamushe Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851, abokin tafiyarsa Overweg ya shigo Maraɗi da Gobir, sannan Landeroin, tafintan ayarin Tilho mai shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906, ya tattara jerin sarakuna daga bakin mutane. Ka ƙara da ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin fadamar Gulbi har aka hauro tudu. Duk takardar da aka rubuta a tsohuwar Maraɗi ta kai yau, ta tsallake yaƙi da gobara da gara da wannan ruwa. Wasiƙa ɗaya daga zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, ko da a kan rancen gero take magana, za ta iya gyara abin da aka daɗe ana maimaitawa a littattafai.

Yanzu ga abin da jami'o'i ke riƙe da shi. A ƙasarmu babbar ma'ajiya tana Yamai, a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami da ake kira MARA. Tushenta tarin da Bubu Hama ya haɗa ne, lokacin yana shugaban Majalisar Dokoki, muƙamin da ya riƙe daga 1958 zuwa 1974. Akwai rubuce-rubuce wajen 4000 a can, kuma gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga fihirisarsu, wato jerin sunayensu da bayanin kowanne, a mujalladai da dama. A Najeriya, Jami'ar Ibadan ta fara tarawa tun shekarun 1950, a 1964 kuma John Hunwick ya jagoranci buɗe cibiyar adana rubutun Larabci a can. Hanyar da suka bi tana da amfani gare ku: su ari littafi daga hannun mai shi, su ɗauki hotonsa a fim, su mayar masa da abinsa. A Zariya, shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi irin wannan aiki, kuma masanin tarihi Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana takardun tarihi, a Kaduna a 1970. Can a Amurka, Jami'ar Northwestern tana riƙe da ɗakin karatun Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya na Kano da ya rasu a 1962, abubuwa fiye da 3000. Abin da ya ɗaga darajar wannan tari shi ne bai tarwatse ba. Mai bincike yana iya ganin abin da malami ɗaya ya karanta, abin da ya kwafa, laƙanin da ya ajiye, da waɗanda yake hulɗa da su. Da an raba shi tsakanin magada, da kowa ya tashi da ƴan littattafai, amma da mutumin ya ɓace.

Game da wasiƙu kuwa, dubi yadda waɗanda muka sani suka rayu. Wasiƙar da Imam Suyuɗi na Masar ya aiko wa sarakunan ƙasashen nan a ƙarshen ƙarni na 15, wadda ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim a ciki, ta kai gare mu ne don malamai sun yi ta kwafe ta. Muhawarar da aka yi ta wasiƙa tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙar Barno, mun san ta ne don Bello ya zuba wasiƙun a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Wasiƙun da Ingilishi suka tarar a gidan Waziri Buhari lokacin da suka ci Sakkwato a 1903, Backwell ya fassara su ya buga a 1927, kuma a cikinsu ne ake jin yadda sarakuna ke sanar da Sakkwato motsin Nasara gari bayan gari. Murray Last bai iya rubuta littafinsa kan daular Sakkwato a 1967 ba sai da Waziri Junaidu ya buɗe masa takardun gidansu. Duk waɗannan wasiƙun manya ne, na sarki zuwa ga sarki. Abin da ya yi ƙaranci a kowace ma'ajiya shi ne wasiƙar talaka: ta falke zuwa ga maigidansa, ta almajiri zuwa ga malaminsa, ta alhajin ƙasa da ya tsaya noma auduga a Sudan shekara da shekaru kafin ya ƙetare Bahar Maliya, ta alƙalin ƙauye a kan rikicin gona ko rijiya. Irin waɗannan ne ake samu a adakar malamin zaure, don shi ne mai rubuta wa unguwa wasiƙa, shi ne kuma mai karanta musu wadda ta zo.

Bari in nuna maka yadda muke karanta irin wannan takarda, don ka gane dalilin gargaɗin da zan yi maka a gaba. Wasiƙar da ta fito daga fada yawanci falle ɗaya ce, wani lokaci ba ta fi tafin hannu biyu ba, da alamun ninki a jikinta. Tana farawa da bisimilla da salati, sai "daga wane zuwa ga wane", sai gaisuwa, sai "amma ba'adu", sannan bukata cikin layi uku ko huɗu, a rufe da sallama. In ta sarki ce za ka ga hatimi, a cikinsa akwai suna da addu'a. Abin da zai ba ka mamaki shi ne galibinsu babu kwanan wata, kuma sau da yawa ba sa faɗin maganar gaba ɗaya. Sai a ce mai ɗauke da takardar nan zai sanar da kai sauran. Takardar shaida ce cewa manzo na gaskiya ne, asirin kuma yana bakinsa. Saboda haka dole mu nemo lokacinta ta wasu hanyoyi.

Muna fara da takardar kanta. Ka ɗaga falle ɗaya a hankali ka sa shi tsakaninka da hasken taga. In tsohuwar takarda ce za ka ga siraran layuka a cikin jikinta, kuma in ka yi sa'a za ka ga jinjirin wata uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Wannan tambarin masana'antun Italiya ne, mafi shahara cikinsu na gidan Galvani da ke Pordenone, kuma ta Tarabulus da Masar takardar ke biyo ayarin raƙuma ta iso kasuwanninmu. A wani fallen za ka ga fuskar wata a cikin garkuwa, ko haruffan AG. Wannan yana ba mu iyaka, ba ya ba mu shekara, domin takarda na iya kwana shekaru a rumbun ɗan kasuwa kafin a rubuta a kanta. In kuwa ka ga takarda mai layi irin ta lakkwal, da shuɗiyar tawada da bakin alƙalamin ƙarfe, ka san an shigo zamanin Nasara. Sai kuɗin da aka ambata. In ana lissafi da wuri, zambar kaza ko keso kaza, magana ta tsufa. In ana cewa tamma da dala, ko ana maganar lanho da kumandan, an shigo mulkin Faransa. Sai sunayen masu sarauta: in aka ambaci Ƙaura wane ko Ɗan Galadima wane, mu duba wane sarki ya yi wa aiki.

Littattafai sun fi sauƙi, don mai kwafi yakan rubuta a ƙarshe cewa ya kammala ranar kaza, ya sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Amma a nan ma akwai tarko. Malamanmu sukan rubuta shekara da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, kuma lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A lissafinmu shinun 1000 ne, a na Gabas 300 ne. Ka ga shinun da ra da ya da ha ƙarami a haɗe: 1000 da 200 da 10 da 8, wato 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, daidai da farkon 1804. Wanda ya koyi abjadi a littafin Misira zai karanta 518, ya tsufar da takarda da shekara 700. Don mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya a gurguje, ka cire 3 cikin kowane 100 ka ƙara 622. Misali 1300, cire 39, ƙara 622, ka sami 1883, kuma ba za ka kauce da fiye da shekara guda ba.

Hanya ta ƙarshe, wadda ta fi duk sauran saurin lalacewa, ita ce inda aka tarar da takardar. Na taɓa buɗe wata Risala ta wani gida, a tsakiyar babin ciniki na sami guntun takarda da bai kai faɗin yatsu huɗu ba. Sunaye biyar ne a jere, gaban kowane an rubuta adadin turkuɗi da kuɗinsa da wuri, an ja layi a kan uku. Ba sunan marubuci, ba gari, ba shekara. Amma littafin da ta kwana a ciki yana da sunan mai shi da shekarar kammalawa, hannun rubutun kuma ɗaya ne. Da haka muka san malamin nan yana ba da bashin tufafi, muka san kusan lokacin, muka san farashin turkuɗi a wannan zamani, kuma jikokin biyu daga cikin masu bashin suna nan a garin. Da wani mai son tsabta ya zare guntun nan ya haɗa shi da sauran guntaye a leda guda, da ya zama takardar banza. Shi ya sa nake roƙonka kada ka gyara adakar nan. Kada ka ware manya da ƙanana, kada ka tara wasiƙu wuri ɗaya, kada ka jera fallayen da kake ganin sun hargitse. Yadda ake hana mutane tattake sawu kafin mai bin sawu ya iso, haka za ka tsare ta. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, fallaye ne a tsakanin tadarishi a cikin gafaka, kuma kalmar da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ita za ta taimaki masani ya mayar da kowane falle gurbinsa. Wannan aikinsa ne, ba na gaggawa ba ne.

Abin da za ka iya yi da kanka a makon nan kaɗan ne. Ɗaga adakar daga ƙasa, ka ɗora ta a kan benci, ka janye ta daga jikin bango saboda gara da laimar damina. Kada ta zauna a ɗakin da rufin kwano ke yoyo ko kusa da madafa. Kada ka sa takardu a leda, tana riƙe gumi sai su yi fumfuna. Kada ka fesa musu maganin sauro, kada ka liƙa salatif a inda ya yage, kuma ko wa ya ba ka shawarar a manne su cikin roba da na'ura mai zafi, ka ƙi. Na ga wasiƙun da aka yi wa haka da kyakkyawar niyya, bayan ƴan shekaru robar ta yi ja, tawadar ta bi ta, kuma ba a iya ɓare ta sai da takardar. Farin ƙyalle na auduga wankakke ya isa naɗi. Ka wanke hannu ka bushe kafin ka taɓa, kuma da hunturu ka ƙara hattara don takarda na bushewa ta karye a wurin ninki. In ka ga inda rubutu ya huda takarda har haruffa suna zubewa, tawadar bagaruwa da ƙarfe ce ke cin ta. Wannan fallen kada a yi ta juya shi.

Sai hoto. Wayarka ta isa a fara. A inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar waya ba, ka ɗauki adakar a buɗe yadda take, sannan kowane ƙunshi kafin a kwance shi, sannan falle bayan falle gaba da baya, har wanda ba rubutu a bayansa, da ma'auni a gefe don a san girmansa. Kowane ƙunshi ka ba shi lamba a wata ƴar takarda daban da fensir, ka mayar da shi yadda ka same shi. Hotunan kuma kada su zauna a waya ɗaya.

Akwai wani aiki da ya fi hoton gaggawa. Ka zauna da Baffa, da duk wata gwaggo ko tsohon almajirin Malam da ke raye, ka naɗi muryarsu. A wurin wa Malam ya yi karatu, a Katsina ko Zariya ko Barno ko Agadas? Wane littafi ya gada, wanne ya saya, wanne ya rubuta da hannunsa? Su wa ke aiko masa da takarda? Su za su gane sunayen da ke cikin wasiƙun, su ce ai wane kakan su wane ne na unguwa kaza. Babu farfesan da zai iya ba ka wannan. Tsofaffin mata musamman kada ka tsallake su, sun fi kowa riƙe dangantaka.

Tsoron Baffa kuwa yana da tushe, kada ka ɗauke shi a matsayin duhun kai. A 1890 sojan Faransa Archinard ya kwashe ɗakin karatun Ahmadu ɗan Alhaji Umaru daga Segu, kuma har yau littattafan suna babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris. Gidajen malamai da yawa suna da labarin littafin da wani ya ara da sunan bincike bai dawo ba. Ni kaina na shiga ma'ajiyar da na tarar da ƙunshin takardu a kwali, ba lamba, ba sunan gidan da suka fito, mai makulli kuma ba ya nan. Takardar da ta shiga irin wannan wuri ba ta tsira ba, ta ɓace ne a cikin gini. A ɗaya gefen kuma, gida ma ba amintacce ba ne: gobara, gara, yaro mai neman takardar ƙunsa ƙosai, da rabon gado da ke maimaituwa duk bayan tsara guda. Abin da ya faru a Tumbutu a Janairun 2013 ya nuna fuska biyun. An ƙone ko an sace rubuce-rubuce wajen 4000 a cibiyar Ahmad Baba, alhali dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen da ke hannun iyalai sun tsira don masu su sun fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Abin da ke tsare magana shi ne kwafi a wurare da dama, da fihirisa da ke shaida cewa abu kaza yana nan.

Saboda haka ba dole ne ku zaɓi tsakanin bayarwa da hanawa ba. Kuna iya bayar da kyauta, mallaka ta koma ga jami'a. Kuna iya bayar da ajiya, kayan na nan naku, suna riƙe da amana. Kuna iya cewa su zo gida su ɗauki hoto su rubuta fihirisa, asali ya zauna a zauren Malam. Wannan hanya ta uku ba baƙuwa ba ce, ita ce ƙa'idar shirin ceto takardu na ɗakin karatun Birtaniya da aka fara a 2004: asali ba ya barin ƙasarsa, hoto ne ke tafiya. A ganina da ita ya kamata ku fara. Tana kwantar wa Baffa da hankali, kuma tana ba ku damar ganin yadda mutanen ke aiki kafin ku miƙa musu komai. In daga baya kuka ga gidan ba zai iya tsare su ba, sai a koma ga ajiya. Kyauta kai tsaye ba na ba da shawararta sai ga gidan da ba sauran mai kula.

Maganar gado ta magada ce da malaman fiƙihu, ba tawa ba, kuma haƙƙin kowa yana nan. Amma akwai mafita a cikin shari'a. Magada suna iya yarda su mai da tarin waƙafi a kan zuriyar Malam da masu neman ilimi, ko a ƙiyasta kuɗinsa wani ya biya sauran, ko a bar shi tarayya a hannun mutum ɗaya da aka amince da shi. Kowace aka ɗauka, a rubuta a sa shaidu. In wani ya zo da maganar saye, ku sani dillalai Alƙur'ani mai zayyana suke nema, wasiƙu ba sa ba su kuɗin kirki, kuma Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, fitar da irin waɗannan kaya waje ba abin da ake yi da ka ba ne.

Ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan gida kuka nufa, ko Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi, kada ku yi magana da mutum ɗaya a zaure ku miƙa masa kaya don kun san shi. Mutum yana ritaya, yana canja wurin aiki, yana mutuwa. Da hukumar za ku ƙulla, a kan takarda mai hatimi da sa hannun shugaba. Ku nemi a nuna muku ɗakin ajiyar da idonku. Ku ce a kawo muku wani rubutu daga fihirisarsu, ku ga minti nawa za a ɗauka kafin a fito da shi. Wannan gwajin ya fi duk wani jawabi da za a yi muku. A cikin yarjejeniyar a rubuta adadin ƙunshi da fallaye, a ce tarin zai zauna wuri ɗaya da sunan Malam ba za a watsa shi cikin na wasu ba, a ba ku kwafin duk hotuna da fihirisa, a faɗi wa'adin gama aikin, a faɗi yadda za ku karɓi kayanku in kun so, kuma duk ɗan gidan yana da ikon zuwa ya gani.

Wani sharaɗi da mutane ke mantawa sai an yi ɓarna: ba duk abin da ke adakar malami ne na idon jama'a ba. Za a sami laƙani da hatimai da Malam bai ba kowa ba sai da izini. Za a sami takardun bashi, da na saki, da na sulhun da aka yi a rufe. A takardun ƙarni na 19 za a iya samun maganar bayi, sayensu ko fansarsu ko ƴanta su, da sunayen da zuriyarsu ke zaune tare da ku a gari yau. Tarihi ne na gaskiya, ba na goyon bayan a ɓoye shi ko a lalata shi. Amma magana zarar bunu ce, abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Ku ware abin da kowa zai gani, da abin da mai bincike zai karanta a ɗaki ba tare da ya buga suna ba, da abin da za a rufe har wasu shekaru. Ma'ajiya ta ƙwarai ta san wannan tsari, ba za ta yi muku gardama ba.

Kuma ku sa a cikin sharaɗi cewa wani daga gidan zai zauna tare da masu fihirisar. Rubutun hannun ƙasar nan, da ɗigon fa a ƙasa da na ƙaf guda ɗaya a sama, da ajamin da kowane malami ke rubutawa yadda kunnensa ya ji, wanda ya tashi a makarantar allo da Warshu ya fi mai digirin Larabci saurin karanta shi. Mai digirin kuma ya fi shi sanin yadda ake auna takarda da gano marubuci a manyan fihirisai, irin mujalladin da Hunwick ya fitar a 1995 kan marubutan wannan yanki. Aikin yana kyau ne in su biyun suka zauna a tabarma ɗaya. In kai ne ka yi allo, kai ne mutumin. In ba kai ba ne, ka nemo cikin almajiran Malam wanda idonsa ke gani sosai, a biya shi ladan zamansa kamar yadda ake biyan kowane ma'aikaci.

Ranar da za ka fara zuwa jami'ar, kada ka ɗauki ko falle ɗaya na asali. Ka tafi da hotunan ƙunshi biyu ko uku, da hoton shafin ƙarshe na kowane babban littafi inda mai kwafi ya sa sunansa, da ɗan taƙaitaccen tarihin Malam a shafi guda. Ka tafi da Baffa in zai yarda, a yi maganar a gabansa, shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa.